Almakashin Baba da Takardar Bango

Shekara arba'in Baba yana ɗinki, kuma ban taɓa ganin wani ya riƙe almakashinsa ba. Ko mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, in za ta tsinke zare sai dai ta sa haƙori. Ina ƙarama na taɓa miƙa hannu zan yanka takardar makaranta da shi, ranar na sha jan kunne. Ya ce takarda tana kashe kaifin almakashi, na yadi na yadi ne. Da ya rufe shago ya dawo gidana da zama, keken ɗinki ya kyautar, tebur ya kyautar, almakashin kuwa ya naɗo shi a tsumma ya tura ƙarƙashin matashi.

Ni na kawo maganar takardar bango, don yara sun zane mini falo da biro har inda hannunsu ya kai. Maigidana ya ce a kira mai mannawa a wuce wurin. Baba ya ce, "Ya zo ya manna. Amma awo da yanka, ina raye ba za a ba wani ba." Da yayana ya ji, sai ya ja ni gefe. Wai idon tsohon nan ya tafi, in ya ɓata takardar, a karɓe almakashin kafin ya datse yatsa. Raina ya ɓaci, na ce ya je ya karɓa da kansa in ya isa. Amma maganar ta tsaya mini a rai, don ni ma ina so in san gaskiyar idon nan.

A kanti na zaɓi wata mai manyan ganye masu hawa sama. Baba bai dube ta ba, shafa ta ya yi ta yi kamar mai sayen yadi. Mai kanti ya danna waya ya ce naɗi biyar ya ishe mu.

"Bakwai," in ji Baba. "Ganyen nan bayan tazara nawa yake maimaituwa? Kowane tsayi ka yanka, sai ka zubar da wani abu kafin ganye ya haɗu da ɗan'uwansa."

Mai kanti ya sake dannawa, ya sosa ƙeya ya ce gaskiyar dattijo ne. Baba ya ƙara da cewa lambar da ke jikin kowane naɗi ta zama ɗaya, in ba haka ba launi zai bambanta. "Karanto mini, Auta, ke da kika yi boko." Na karanta. Masu lambar nan bakwai ne cif suka rage a kantin, ba ko ɗaya na ko-ta-kwana.

Kwana uku muka yi muna gyaran bango. Muka cike tsaga, muka goge, muka wanke. Baba yana bin bangon da tafin hannu, ya tsaya ya ce nan akwai ƙulu, in duba, wallahi kuwa akwai. Ya ɗaure makulli a bakin igiya ya sako shi daga sama, ya ce in faɗa masa abin da na gani. Ashe kusurwar falona a karkace take da yatsa biyu, shekara tara ina zaune ban sani ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne awon. Ga tef a aljihunsa, amma da igiya yake aunawa yana ƙulla mata ƙulli, kuma kowane tsayi sai ya ƙara yatsa huɗu sama da ƙasa, wai wurin kalmasa, sai ka ce riga zai ɗinka wa bangon. Na tambaye shi tef ɗin fa? Ya ce tef na masu koyo ne. Washegari da hantsi na leƙo, na gan shi a bakin taga, tef ɗin na gogar hancinsa, yana juya shi. Na koma kicin na tsaya, tausayinsa ya kama ni.

Ranar yanka yayana ya zo ya harɗe a kujera. Muka shimfiɗa takardar a tebur. Tsayin farko Baba ya lalubi ƙulli, ya ja alli, ya yanka shi sumul. Na biyu ne sai an jera shi da na farko, ganye ya haɗu da ganye, shi kuwa zane ba a jin sa da hannu. Baba ya buɗe almakashi ya daɗe a sunkuye.

"Auta, ya haɗu?"

Bai haɗu ba, ya goce da yatsa uku. Na sa ɗan yatsa na ja takardar a hankali. Ya ji motsinta a ƙarƙashin tafinsa. Sai ya juyo almakashin ya miƙo mini ta wajen mariƙi.

"Ni zan danne, ke ki yanka. Kar ki rufe bakinsa duka, zai ci takardar."

Na karɓa, nauyinsa ya fi yadda na zata. Haka muka yi har naɗi na bakwai, shi da igiya da alli, ni da ido. Abin da ya ragu ko littafi ba zai rufe ba. Yayana ma sai ya tashi ya kama tattara guntaye.

Da muka gama na goge almakashin na naɗe na kai masa ɗaki. Tambayar da ke cina tun safe ta ƙi haɗiyuwa.

"Baba, ba kai ka ce takarda tana kashe kaifinsa ba?"

"Tana kashewa mana," ya ce, ya turo mini tsumman. "To wane yadi ya rage mini in yanka? Kai shi ɗakinki."