Gurbi na Huɗu

Ba na faɗin sunanta. 'Yar fari ce, kuma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ko yarinyar rijiya ta nufa sai dai ki ce "ke". Tun ina da cikinta innarmu ta yanke magana cewa ta Yayata ce, don Yaya ba ta taɓa haihuwa ba. Ranar yaye Yaya ta zo daga Tsauni da sabon majanyi, ta goya ta, suka hau mota. Ban yi kuka a gaban kowa ba, kada a ce ba ni da kunya. Yarinya ta tashi tana ce wa Yaya Inna, ni kuma Tanti. Ba a ɓoye mata komai ba, ta san cikin da ta fito.

Ni sakatariya ce a wata makarantar kolej a nan Matameye. Da yarinyar ta gama firamare, Yaya ta kawo ta wurinmu, aka ce ta zauna gidana ranakun karatu, ta riƙa komawa Tsauni ƙarshen mako. Ni da kaina na shigar da ita a ordinata, wato na'urar kwamfuta. A lokacin gida guda muke zuba komai a teburin sunayen ɗalibai da ke cikin na'urar: sunan yaro, waƙafi, sunan uba, waƙafi, sunan uwa. Da na zo kan uwa, Yaya ta dube ni, na dube ta. Sai na rubuta nata, na sa waƙafi, na rubuta nawa. Yaya ba ta karatu, amma sai da ta sa yarinyar ta nuna mata inda nata yake a gilashin, ta taɓa shi da yatsa, ta bar mini maiƙon ƙuli-ƙuli a wurin.

Haka muka zauna lafiya har shekarar jarrabawarsu ta ƙarshe. Sai saƙo ya zo daga ofishin ilimi na Damagaram wai kowane suna ya samu gurbinsa daban: yaro da layinsa, uba da nasa, uwa da nata. Mushe direkta, shugaban makarantarmu, mutum ne mai saurin zufa, ya shigo ofis yana fifita da fayil yana cewa mun shiga uku, sai an sake buga yaran nan ɗaya bayan ɗaya. Na ce ya zauna ya sha ruwa. Na zaɓi layin daga sama har ƙasa, na gaya wa na'ura ta yanka a duk inda ta ga waƙafi, na danna. Kafin ya ajiye moɗa sunaye sun watse gida uku, kowa ya kama layinsa kamar masu sahun salla. Har na fara hura hanci.

Ina gangarowa ƙasa ina dubawa sai na ga suna ɗaya ya yi tsalle ya fita waje, ya tsaya shi kaɗai a gurbi na huɗu, wanda ba shi da ko take a samansa. Sunana ne. Na Yaya yana zaune daram a layin uwaye, nawa yana bakin ƙofa. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na ce ashe har na'ura ta san matsayina.

Da ta ni ce, da na goge nawa na huta, ai na saba. Amma saƙon ya faɗa ƙarara cewa sunayen su dace da takardar haihuwa, wanda nasa ya saɓa ba zai shiga ɗakin jarrabawa ba. Takardar haihuwa kuwa ba ta san Yaya ba. Na roƙi direkta a ƙara gurbi guda na mai riƙo. Ya ce ko shi kawunsa ne ya riƙe shi, ya san zafin abin, amma teburin ba namu ba ne, in muka ƙara ko layi ɗaya can za a dawo mana da shi. Na ji haushinsa, duk da na san ba laifinsa ba ne. Wanda ya zana teburin nan bai taɓa ganin yadda ake goya yaro a tafi da shi ba.

Na daɗe da yatsa a kan maɓalli. Na tuna lokacin da ƙyanda ta kama yarinyar, Yaya ce ta kwana zaune, ni sai labari na ji. Daga ƙarshe na goge sunanta, na jawo nawa na saka a wurin. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wani sanyi da na ji a raina da na ga sunana kusa da na 'yata. Na ji daɗi, na kuma ji tsoron daɗin.

Ranar Juma'a aka buga wa kowane ɗalibi 'yar takardarsa, ya kai gida iyaye su duba su sa hannu. Nata na riƙe har sai da sauran suka watse. Ta shigo da jakarta ta tafiya Tsauni, ta durƙusa ta gaishe ni, ta karɓa. Ta karanta, ta juya bayan takardar, ta sake juyowa.

"Tanti, ina sunan Inna?"

Na yi mata bayanin waƙafi da gurabe da takardar haihuwa, na yi ta zuba kamar ina gaban sufeto. Ta bari na gama.

"Na gane," in ji ta. "Amma duk takardar da na kai gida sai ta ce in nuna mata inda nata yake. Me zan nuna mata?"

Ta ajiye takardar a kan teburina, ta tura mini biro a hankali.

"To ki sa hannu ke, Tanti. Ba sai na je da ita ba."

Na sa hannu. Ta gyara mayafinta ta nufi tasha, kada motar Tsauni ta bar ta.