Matsawa Ya Yi, Bai Tashi Ba

Kafin mai shara ya gama da baranda Malam ya iso, da jakarsa ta fata wadda aka ɗinke hannunta har ɗinkin ya fi fatar yawa. Zai buɗe ofis, ya tura tagar da ba ta buɗuwa sai an lallashe ta, ya kunna 'yar rediyonsa yana laluben tashar mutanen ƙetaren teku. Daga nan ya juya ga taswirar da ke bango ya ɗora yatsa a kan wata tashar jiragen ruwa. Wurin ya koɗe fari fat saboda shafa, sunan garin ma ya goge. Sai ya ɗauki kofin shayinsa ya fito ya zauna a kan bencin katako da ke ƙofar ofis, ta gefen dama, inda rana ke fara sauka.

Haka muka same shi muna ɗalibai a Cibiyar Nazarin Hulɗar Ƙasashe, haka kuma yake har wannan wata da yake ajiye aiki. Ba farfesa ba ne. Waɗanda ya koyar sun zama, wasu ma sun manta hanyar ofishinsa, abin da ke ƙona mini rai ke nan duk sanda na tuna. Shi kuwa ko a jikinsa. Tun yana saurayi ya ɗauki ƙasa guda ya sa a gaba, wata ƙasa ta ƙetaren teku da a lokacin ba wanda ke kallonta. Ya koyi harshensu daga rediyo da kaset, abokan aiki suna masa dariya wai ya rasa abin karantawa sai masu sayar da batir da tocila. Yau ga shi ita ke gina gadoji da tashoshin jiragen ruwa a duk yankinmu, kowace jarida tana kiranta babbar ƙasa mai tasowa, masu dariyar nan kuma su ke zuwa aron littattafansa.

Darasinsa na farko ba a aji yake yin sa ba. Zai jera sababbin ɗalibai a kan bencin nan har ya cika maƙil, sannan ya nemi wanda ya fi kowa jiki ya ce ya je ya nemi wurin zama.

"To, ga babba ya zo, benci ya cika," in ji Malam. "Abu biyu zai iya faɗa. Ko ya ce matsa, ko ya ce tashi. In ya ce matsa, za ku takura amma kowa na nan. In ya ce tashi, wani zai koma ƙasa. Duk karatun da za mu yi, da yarjejeniyoyi da jawaban shugabanni, kunne za mu kasa mu ji wanne ake faɗa mana. Babba ba ya faɗin tashi da baki, ku sani. Cikin ladabi yake naɗe ta."

Daga nan ya samu sunan Malam Matsa, kuma yana amsawa. Duk ɗalibin da ya kawo masa zancen giwaye na faɗa ciyawa na shan wahala, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Haba, ku bar ciyawar nan ta huta. Mu mutane ne, muna da baki."

Wani tsohon ɗalibinsa da ke ma'aikatar harkokin waje ya taɓa ba ni labari. Suna zaune da wakilan waccan ƙasa ta ƙetaren teku a kan maganar wata tashar jiragen ruwa da za a gina, takarda ta yi kyau, kowa na murmushi, sai ya ci karo da wani layi da ya ce masunta za su ci gaba da sana'arsu a wurin da ya dace. Ya ce wallahi muryar Malam ya ji a kunnensa tana tambaya, matsa ce ko tashi? Ya tsaya kai da fata sai da aka rubuta sunan gaɓar da masuntan suke. Suna nan har yau da kwale-kwalensu, ba kuma wanda ya san sunan Malam a cikinsu.

Malam, kai ne kunnen da ya ji mana tafiyar baƙo tun yana nesa. Yabon gwani ya zama dole, ko da gwanin ba ya so.

Amma akwai abu ɗaya da ke cin Malam a rai, kowa a Cibiya ya sani. Bai taɓa taka ƙasar ba. Sau ɗaya aka soke taron da aka gayyace shi, sau ɗaya wani babba ya shige gabansa, sau ɗaya kuma tafiyar ta faɗo daidai da haihuwar autarsu. Matarsa takan zolaye shi idan ya cika ta da labarin titunan da bai taɓa bi ba.

"Baban Auta, an ce fa gani ya kori ji."

"Sannu ba ta hana zuwa," yakan ce.

"Ƙarasa mana. Sai dai a daɗe ba a je ba."

Bayan azahar, idan baranda ta yi shiru, yakan jingina kansa da bango ya lumshe ido, sai tashar nan tasu ta jikin taswira ta zo masa a zuci. Kullum da sassafe take zuwa. Hazo kwance a kan ruwa, injinan ɗaga kaya masu dogon wuya suna motsi a hankali ba ƙara, jiragen ruwa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya fitilunsu ba su riga sun mutu ba. A bakin gaɓar akwai wani tsoho mai sayar da shayi. Malam yakan gaishe shi da harshensu, tsohon ya yi dariyar lafazinsa na rediyo, ya gyara masa zama, su sha shayi suna kallon ruwa. Yakan so ya tambaye shi, ku a gida me kuke cewa game da mu? Kafin tsohon ya amsa, wani ɗalibi ya yi sallama.

A shekarar nan ta ƙarshe abubuwa biyu suka zo masa kusan tare. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sauran ma a kan hanya yake. Dama Malam ya lura gefen taswirar ya fara ɓace masa, tsakiyar kawai yake gani. Sai kuma ga gayyata daga ƙasar, babban taron masana a kan yadda zaman yankinmu zai kasance, a garin nan mai tashar jiragen ruwa, kujera ɗaya tak ga Cibiyarmu. Darakta, wanda tafiya ba ta wuce shi ko da ta ɗaurin aure ce, ranar ya ji kunya ya ce ta Malam ce. Muka yi ta murna. Matarsa ta sauko da akwati ta goge, ta kai rigar sanyinsa wanki.

A cikin ɗalibansa akwai wata da muke kira Mai Musu, yanzu ƙaramar malama ce a Cibiyar. Tun ranar darasin benci ta ce ita ba ta yarda abu biyu kawai babba zai iya faɗa ba, kuma ba ta daina ba. Ta rubuta maƙala tana sukar ra'ayin Malam, shi ya gyara mata ita, yana gyarawa yana cewa, "Nan ba ki buge ni da kyau ba, ƙara ƙarfi." Ita ke karanta masa jaridun ƙetare tun da ƙananan haruffa suka gagare shi.

Wata safiya tana cikin karanta masa a kan benci ya dakatar da ita.

"'Yata, fasfonki yana da rai?"

"Yana da rai, Malam. Me ya faru?"

"Ke za ki tafi."

Ta ajiye jaridar. "Subhanallahi. Malam, wannan wace irin magana ce? Tun ba a haife ni ba kake jiran tafiyar nan."

"Shi ya sa na san darajarta. Idona guzurinsa ya kusa ƙarewa. In na je na gani, ni kaɗai zan ji daɗi, in dawo in zauna a gida. Ke kuwa abin da kika gani za ki yi ta raba wa ɗalibai har ki yi furfura."

"Likita ya ce wannan ce damar ƙarshe fa."

"Na ji shi, ba kunnen ne ya lalace ba."

Hawaye ya zubo mata. "Mutane za su ce na tashe ka daga wurinka. Ni ban ce ka tashi ba, Malam."

"Wa ya ce miki na tashi?" Ya ɗan ja jikinsa zuwa ƙarshen benci. "Matsawa na yi."

Kada wani ya ɗauka abin bai yi masa ciwo ba. Ya yi. Matarsa ta ce da ya koma gida ya daɗe a tsaye a kan akwatin nan yana shafa shi, ya ƙi cin abinci, ita kuma ta yi masa faɗa son ranta, sannan ta mayar da akwatin saman kwaba da kanta don kada ya yi ta tuntuɓe da shi. Ranar da jirgin ya tashi bai kunna rediyo ba. Ya zauna a benci har rana ta bar gefensa.

Da Mai Musu ta dawo, ko gida ba ta fara zuwa ba. Ta same shi a wurinsa, ya ji takunta ya gane ta tun kafin ta yi sallama.

"Fara da tashar," ya ce, ya lumshe ido.

Ta ce ta je da sassafe kamar yadda ya yi mata wasiyya. Hazon yana nan, injinan ma suna nan, sai dai ƙararsu ba ta barin mutum ya ji maganar na kusa da shi, kuma akwai shinge, daga nesa ake kallo.

"Mai shayin fa?"

Ta san labarin tsohon, duk mun sani. "Ban gan shi ba, Malam."

"Bai fito ba ke nan ranar," ya ce a hankali. "To, zauren taro. Me suka ce mana? Matsa ko tashi?"

"Ko ɗaya. Na yi tambayarka a gaban kowa, na kuma faɗi sunan mai ita. Wani dattijo a cikin masanansu ya yi dariya ya ce su ba su da matsala da tsohon benci, kowa ya zauna abinsa. Nasu suka sassaƙo, sabo, dogo, da banki da majalisa da komai, wanda ya ga dama ya dawo kai."

Malam ya buɗe ido. Na rantse na zaci ransa zai ɓaci, don aikin rayuwarsa ne aka ce bai cika ba. Sai ya buga cinya ya ƙyalƙyale da dariya har mai shara ya leƙo.

"Sabon benci! Ashe ke ce da gaskiya, ja'ira. To, wa ke da ikon ɗauke shi ran da muka saba da zama a kai? Kin tambaye su?"

"Ban tambaya ba."

"Madalla, kin samu aikin yi. Ɗauko biro."

Malam, kai ne ka nuna mana da jikinka abin da ka daɗe kana nema a bakin manyan ƙasashe. Mun gode da karatu, mun gode da kunnen da ka ba mu. Allah Ya saka da alheri, Ya sa sauran hasken idon nan ya daɗe. Ku kuma manyanmu da ke zaune a kan bencuna iri-iri, a ofis da makaranta da gida, idan kuka ga na baya ya iso ku tuna ba sai an ce muku tashi ba.

Ofishin an ba Mai Musu. Ta ƙi a cire taswirar, ta kuma gargaɗi sababbin ɗalibai cewa gefen dama na bencin da mai shi. Jiya bayan azahar na wuce na gan shi a wurin, autarsa ta kawo shi, kansa a jingine da bango, ido a rufe, leɓunansa suna motsi da harshen ƙetare. Kofin shayi biyu ne a gabansa, kuma ya ɗan matsa gefe ya bar wurin mutum ɗaya.