Agwagin Ras Al Khor da Idon Baba

Naif, bayan Asuba

Ranar wata Asabar cikin Janairun 2019 muka fito daga masaukinmu na unguwar Naif gari bai gama wayewa ba, ni da mahaifina, Malam Sale masunci, wanda na ɗauko daga Nguru aka cire masa yanar ido a nan Dubai. Damuwata ɗaya ce: aikin ya yi ko bai yi ba? Ko ka tarar da Baba a kwance, ka ce ya jiki, "da sauƙi" zai ce. Haka ya gaya wa likita, haka yake gaya mini kullum, alhali har yanzu rigata yake riƙewa idan za mu tsallaka titi. Sai na yi dabarar kai shi inda bakinsa ba zai iya yin shiru ba.

Muka sha shayin karak a tsaye, muka tari tasi. Direban, ɗan Pakistan, ya ji inda za mu, ya ce, "Tsuntsaye? Da sassafen nan? Yalla, habibi, mu je."

Ras Al Khor

Ruwan teku ne ya shigo ya kwanta cikin fadama, dogayen benayen birni na hango shi daga nesa. Mai gadi ya buɗe mana wani ɗan ɗaki da ake leƙen tsuntsaye ta tagoginsa. Ga agwagin da suka gudo daga ƙasashen sanyi birjik, wasu na barci kai cikin fiffike. Na miƙa wa Baba madubin hangen nesa, ya ture hannuna. Ya leƙa ta taga da idonsa.

Can ya ce, "Kai, Habu, waccan mai tsinin wutsiya ai baƙuwarmu ce! Da sanyi suke sauka a tafkinmu. Ga namijin can, farin wuya."

"Baba, kana gani?"

"Da me nake gaya maka?"

Komawa

A mota bai kama rigata ba. Karanta mini launin motoci ya yi ta yi, har direba ya sa baki. Muka iso Naif da hantsi lafiya, godiya ta tabbata ga Allah da duk wanda ya taya mu addu'a.

A bakin ƙofa ya tsaya ya ƙura mini ido, ya daɗe. Ya ɗaga hannu ya taɓa gemuna.

"Habu, yaushe ka yi furfura ba ka gaya mini ba?"