Leshin Aro a Layin Garin Kunu

Shekarar da nake da ciki na biyu, mijina ya faɗo daga kan gini ya karye a ƙafa, ya yi wata huɗu a kwance. 'Yata ba ta cika shekara biyu ba, ta rame har awarwaron hannunta yake zamewa ya faɗi. Sai labari ya zagaye unguwarmu Aboabo cewa a wurin awon yara ana rubuta sunayen masu ciki da ƙananan yara na gidajen da ba su da ƙarfi, za a riƙa ba su garin kunu mai waken soya da gyaɗa duk wata. Na ce ni kam gobe ina can.

Uwar mijina, wadda muke kira Mma, ta ce in je, amma ba a haka ba.

"Matar gidan nan ba ta fita kamar wadda aka koro. So kike a ce ɗana ya kasa?"

To ai ya kasa ɗin, Mma, ga shi can kwance! Ban faɗa ba, na haɗiye. Da kanta ta je ta aro mini leshi mai duwatsu, da sarƙa, da takalmi mai tsini, ga ciki wata bakwai. Yarinyar ma aka sa mata riga mai dogon hannu, aka shafa mata hoda, aka rangaɗa mata kwalli. Wallahi duk wanda ya gan mu sai ya ce gidan suna za mu.

A layi na tarar da maƙwabciyarmu Hajiya, mai shagunan atamfa biyu a Alabar, riƙe da ɗan autanta. Da ƙyar na gane ta. Koɗaɗɗen zani, silifa ɗaya ja ɗaya shuɗi, ko zobe babu. Ta kalle ni daga sama har ƙasa ta ce, "Amarya, ina bikin?"

Teburin ma'aikaciyar a tsakiyar rumfa yake, tana tambaya da yaren Twi, da ƙarfi, kowa na ji. Hajiya ta karkace kai ta ce sau ɗaya suke ci a rana, har da share ƙwalla. Matar da ƙamshin soyayyun kajinta yake shigo mana ɗaki duk Juma'a! Nan take aka rubuta ta.

Aka zo kaina.

"Sau nawa kuke ci a gida?"

Matan unguwarmu a bayana, kowace ta baza kunne. Mu kuwa tun muna yara aka koya mana, ko wuni ka yi ba ka ci komai ba, in an tambaye ka, godiya za ka yi. Na ce, "Alhamdu lillahi, muna ci."

"Mijinki yana aiki?"

"Yana ɗan hutawa."

Hutawa! Ta dubi sarƙa, ta dubi takalmi, ta ce wannan taimakon na mabuƙata ne, in ba wasu wuri. Ko hannun rigar yarinyar ba ta ɗaga ba, balle ta auna damtsenta kamar yadda take yi wa sauran. Na ji haushinta, na ji haushin Mma, amma haushin kaina ya fi duka.

Da na koma gida, ƙafafuna a kumbure, Mma ba ta tambayi gari ba. Cewa ta yi, "Kowa ya gan ki?"

Na ce, "Kowa, Mma."

Bayan kwana uku sai ga Hajiya a tsakar gidanmu, gwal ɗinta ya koma wuya, riƙe da leda biyu na garin kunun. Ta ɗaga murya yadda duk masu haya za su ji: autanta ya ƙi sha, kaji za ta zuba wa, amma ta ce bari ta tambaya tukuna ko akwai mai so.

Mma ta gyara mayafi, ta buɗe baki za ta ce mun gode Allah. Na riga ta. Na miƙa hannu biyu na karɓa, a gaban kowa, da tsohon zanina na wanke-wanke.

Mma ce ta dama kunun da kanta. Yarinyar ta shanye kofi ɗaya, ta shanye na biyu, ta sa yatsa ta suɗe gindin kofin, sannan ta sake miƙo wa kakarta. Mma ta karɓa ta juya mana baya, ta daɗe tana zubawa.