Hadisin Inna Safara'u

Yayana Datti bai taɓa ganin abu a rufe ya bar shi ba. Tun muna yara ya buɗe rediyon Babanmu don ya ga mai maganar, ya sha duka, washegari ya koma kan agogo. Yanzu yana da shago a Kwanar Dangora, gefen masu shayi, inda yake feɗe kwamfutocin mutane kamar yadda kakanninmu suke feɗe kifi. Mutum ne marar surutu, amma da ya cire murfin kwamfuta sai bakinsa ya buɗe: wannan koren faranti shi ne tsakar gida, kowa ta nan yake bi, wannan fanka ce mai yi wa ƙwaƙwalwar fifita, wannan kuma ram, mai riƙe abu yanzu, a ɗauke wuta ya manta, kamar ni wai.

Kafin Baba ya rasu, Datti ya zaunar da shi ya naɗi muryarsa yana ba da labarin ƙauyenmu na asali, wanda ruwan madatsar Tiga ya cinye. Gida-gida Baba ya bi a cikin labarin, har rijiya da tsamiyar bakin masallaci. Muryar tana cikin tsohuwar kwamfutar shagon, kuma gwanin namu, mai yi wa kowa wa'azin ajiye abu wuri biyu, bai kwafe ta ko'ina ba.

Ran nan wuta ta dawo da ƙarfi, kwamfutar ta yi tartsatsi ta mutu. Inna Safara'u, mahaifiyarmu, ba ta taɓa yarda ta saurari muryar ba, ta ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Amma da ta ji labari sai ta yafa mayafi ta ce in raka ta. Muka hau acaɓa.

Mun tarar da Datti ya baje kayan cikin a kan tebur, wurin yana ƙauri. Har ya ba ni tausayi.

"Me ya ƙone?" in ji Inna.

"Akwatin wuta, Inna, da babban farantin. Saura had-dis, shi ne ban gwada ba. A cikinsa maganar Baba take."

"Hadisi?"

"Had-dis, Inna."

"To, ai na ji. Abin da ke riƙe magana bayan mai ita ya tafi, da wane suna za a kira shi?"

Datti ya buɗe baki zai gyara mata, na taka masa ƙafa. Ya ɗauki had-dis ɗin, wani ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannu ba, ya yi bisimilla ya jona shi a wata kwamfutar. Fanka ta juya. Muka ji ɗan ƙarfen yana ƙas-ƙas a hankali. Datti ya laluba, ya danna.

Sai ga gyaran muryar Baba, irin wanda yake yi kafin ya shigo gida, sannan ya yi sallama.

Inna ta gyara mayafinta, ta sunkuyar da kai.

"Wa alaikumus salam, Malam," ta ce. "Sannu da zuwa."