Ya Fanna da wayoyin da suka mutu

Da hantsi Ya Fanna take hawa keke daga Hammadu Kafi, da littafinta da ɗan sikeli a jaka. Rumfunan masu cajin waya na Bagadaza take fara bi, ta gaisa da kowa, sannan ta tambayi lita nawa janareta ya sha jiya. Shekara bakwai ke nan tana wannan aiki a ƙarƙashin Dakta Suwaibatu, malamar jami'a mai binciken yadda wayoyinmu ke ƙara wa gari hayaƙi da zafi, tun daga man caji har batiran da ake ƙonawa a bola. Wannan watan take ajiye aikin, gwiwa ta ƙi.

Ɗalibai ne suka fara zagawa da takardun tambaya, suka rubuta cewa mutane zubar da matacciyar waya suke yi. Ya Fanna ta ce wa Dakta a yi haƙuri, maza aka tambaya a ƙofar gida. Wayoyin suna ɗakin mata, cikin kwalla da ƙasan akwati. Sai ta fara shiga gidajen da kanta.

A irin wannan shiga gida ta tarar da Iya Ummukulthum, tsohuwar da rikici ya koro daga Borno, tana ajiye wata waya a ƙarƙashin matashinta. Batirin ya kumbura har murfin ya ɗaga, ko yaushe yana iya kamawa da wuta. Tsohuwa ta ƙi bayarwa. Muryar ɗanta Ajimi ce a ciki, wanda bai fito tare da su ba.

«'Yata, ku masu boko nauyinta kawai za ku auna.»

Ya Fanna ba ta ja da ita ba. Kwana uku tana dawowa hira. Ran na huɗu ta ɗauke ta a keke zuwa wurin Wakil mai gyaran waya, wayar tana hannun mai ita. Wakil ya ce bai yi alkawari ba. Ya sa wani batiri, aka jira, wayar ta kawo haske. Waɗanda ke rumfar sun ce lokacin da muryar Ajimi ta yi sallama da yaren Kanuri, har mai shayin gefe sai da ya ajiye kofi. Aka kwafe muryar a katin memori. Iya ta miƙa tsohon batirin da kanta.

«Ungo, je ki auna abinki.»

Daga nan matan unguwa suka riƙa fito da nasu, har Dakta ta sake rubuta wannan ɓangaren na bincikenta.

Ya Fanna, ke ce mai sallama kafin tambaya. Sunanki bai hau takardar binciken ba, amma mu na rumfunan caji mun san wadda ta yi tafiyar. Mun gode, Allah ya ba gwiwa lafiya. Duk wanda za a ba littafin nan bayanki, don Allah ya shiga daga ciki, ya zauna a tabarma tukuna.