Mai Sa wa Maryamu Kaya

Piedade Colaço ce ke sa wa mutum-mutumin Maryamu kaya a tsohon cocin ƙauyensu da ke bakin kogi a Goa. Cocin ya haura shekara ɗari uku. Tun zamanin Turawan Fotigal wani masassaƙi ɗan ƙauyen ya sassaƙa siffar, jiki na katako, fuska da hannuwa na hauren giwa, ya yi mata dogayen idanu irin na matan wurin. Shi ya sa masunta ke cewa tasu ce. Har maƙwabta 'yan Hindu sukan kawo fure da kyandir idan wani nasu ya daɗe a teku.

Piedade ba ta yi aure ba. Da safe tana sayar da busasshen kifi a kasuwa, da la'asar ta wanke hannu da lemun tsami kafin ta taɓa mayafin Maryamu.

Saura kwana tara idin Maryamu, bayan wata damina mai nauyi, ta hau bagadi, dakalin da siffar ke tsaye, ta cire mata tsohuwar rigar, sai ta ga garin katako yana zubowa. Ta danna bayan siffar, yatsanta ya shige. Gara ce. Ta mayar da rigar, ta sauko.

Kwana uku ba ta gaya wa kowa ba. Ta san abin da ya sami ƙauyen tsallake: masu adana kayan tarihi sun ɗauke mutum-mutumin waliyyinsu zuwa birni, aka bar su da na siminti. Ta kuma san ranar idi maza huɗu za su ɗauki Maryamu a kafaɗa su sauka gangaren kogi. In ta karye a tsakiyar jama'a fa? A kasuwa sai ta miƙa wa mai saye kifin da bai nema ba.

Ƙanenta Inas, wanda kafinta ne, ya lura.

"Yaya, kin bushe kamar hajarki. Ko wani tsoho ne ya fara zuwa zance?"

"Rufe min baki. Ɗauko kayan aikinka ka biyo ni."

Da ya ƙwanƙwasa katakon, wasa ya bar fuskarsa.

"Wannan ya fi ƙarfina. Ciki duk rami ne."

"Ka cusa wani abu ka liƙe mana, idi ya wuce tukuna."

"In ta faɗo kan 'ya'yan mutane, wa za a nema? Je ki gaya wa Fada."

Ta je. Fada Cosme, limamin cocin, ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Inna, kwana uku kina ɗauke da wannan ke kaɗai?"

"Za su tafi da ita, Fada."

"Mai yiwuwa. Ba zan yi miki alkawarin da ba a hannuna yake ba."

A shekarar ba a fita da Maryamu ba. Jama'a suka yi layi zuwa bagadi, wasu na gunaguni. Wata ma ta ce, inda Piedade za ta ji, ai warin kifi ne ya jawo garar.

Bayan idi wata ƙwararriya a gyaran kayan tarihi ta zo daga birni da mota. Piedade ta nannaɗe siffar da sari, zanen mahaifiyarta, ta zauna a baya ta riƙe ta har suka isa birnin. Wata bakwai tana hawa bas duk Asabar, ta tsaya a ƙofar ɗakin gyara tana tambaya, "Yaushe?" Kullum a ce mata ta ƙara haƙuri.

An dawo da siffar kafin damina ta gaba, da sharaɗin ba za a sake ɗaukarta a kafaɗa ba. Aka sa ta cikin akwatin gilashi, aka ba Piedade makulli. An sassaƙa wata sabuwa don zagayen gari. Ita ma sabuwar, Piedade ce ke sa mata kaya, sai dai ba ta yi mata hira kamar yadda take yi wa ta farkon. Masu ɗauka kuwa har yau suna ƙorafin sabuwar ta cika nauyi.